Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba, Rabi ce ta jawo. Jikata ce, tana karatu a jami'a. Hutun da ya wuce ta zo mini Wurno da wata takarda mai layi-layi, ta ce aikin makaranta aka ba su, su tambayi tsofaffi yadda zaman iyali yake a zamaninsu, a gwada da na yanzu, a kuma gwada da na wasu ƙabilu. Tun daga nan raina ya fara ɓaci, amma na daure. Ta zauna a bakin tabarmata ta ce in lissafa mata 'ya'yana daga na fari. Na ce Sani, da Amina, da Kabiru, da Luba. Ta ɗago kai tana jira, na ce shi ke nan.

"Kaka, to babana fa? Ka tsallake shi. Ya ma ce tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakinka ba. Ga shi har ya yi furfura, abin yana nan yana cinsa."

Na ce ta tattara takardarta ta ba ni wuri. Ta fita tana kuka, gidan ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mini hankali. Hankalina ƙalau. Abin da ya tayar mini shi ne na taɓa ganin irin wannan takardar, na kuma san ɓarnar da ta yi a gidanmu. Ku kuma 'ya'yana, labarin da kuke yawo da shi, wai wata Baturiya ce ta tilasta wa kakarku ta kira sunan ɗanta na fari a gaban mutane, ƙarya ne. Ni na bar ƙaryar nan ta yi girma tare da ku, don ta rufa mini asiri. Yau zan gyara, kowa ya ji haushina in ya ga dama.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Babanmu Bahaushe ne, manomin gero da wake, da rani kuma ya sauka fadama ya yi albasa. Inna Bafulatana ce, daga wata ruga da ke kusa da Rabah ya auro ta. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga uwar Baba, wadda kowa ke kira Tsohuwa, a can sashenta na girma ko da yake gida ɗaya muke. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta dubana ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye, in mun haɗu a ƙofa sai ta kauce kamar ta ga suruki. In dole ta ambace ni, sai ta ce ɗan Tsohuwa. Har wani mai sayar da gishiri da ke zagayowa, mai suna Haliru irin nawa, ba ta iya kiransa, sai dai ta aika a ce da mai sunan ɗan Tsohuwa ya tsaya. Haka kowace uwa mai kunya take yi da ɗanta na fari a wancan lokaci, Fulani kuwa sun fi kowa riƙo da abin.

Kada ku ce wai na tashi cikin maraici. Ban rasa komai ba, kuma ko jariri ya san inda zuciyar Inna take. Kullum da hantsi akwai wata ƙwarya mai ɗinki a baki da ake ajiyewa a zaure, an rufe da faifai, furar ciki ta fi ta kowa nono. Ba a taɓa cewa tawa ce ba, ba a kuma taɓa samun wanda ya yi gangancin taɓa ta ba. In zan yi tafiya, sai in ji Inna daga madafa tana magana da tukunya, ko da kaji, ko daga baya da matata Ige:

"Ige, rana ta yi zahi kwanan ga. Masu tahiya su riƙa malhwa."

Sai in ɗauki malfata ina murmushi. Shekarar da agana ta kama ni ina yaro, Tsohuwa ta ce kwana tara Inna ta yi tana zaune bayan zanar ɗakin da nake, wai tana tsince wake. Waken nan ko tiya ɗaya bai kai ba. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tashi ba sai da aka ce na nemi abinci.

To, shekaru kaɗan bayan an gama babban yaƙin Turawa, lokacin da sojojinmu ke dawowa gida da manyan takalma, ina malamin elemantare a Wurno. Na kusa talatin, ina da Ige da yara biyu. Na yi makarantar Midil, ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma da shi. Wata safiya Hakimi ya aiko a kira ni. Na tarar da wata Baturiya doguwa zaune a kujera, fuskarta ta yi ja don rana. Aka ce daga Sakkwato aka turo ta da takardar Razdan, babban Baturen lardi, za ta yi rani a ƙasarmu, ni zan zama tafintanta. Ita ba likita ba, ba 'yar mishan ba, ba ta kuma zo ƙidayar shanu ba. Ta ce ita aikinta sanin yadda mutane ke zama da danginsu: wa ke cin abinci da wa, wa ke renon wa, wa ke jin kunyar wa, wa ake gudu wurinsa in an shiga uku. Ta ce ta yi wannan tambayar a ƙasarsu, ta yi a wata ƙasa ta bakin teku, yanzu tana so ta gwada Hausawa manoma da Fulani makiyaya, kaka da uwa da 'ya. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Kafin mako ya zagayo mutanen gari sun laƙaba mata Uwar Tambaya.

Ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya. Tana cire takalmi a ƙofar zaure, tana shan ruwan da aka ba ta. Amma kallon da take yi mana, irin wanda mace ke yi wa hatsi ne a faifai, tana ware wannan gefe, wancan gefe. Tana da babban littafi, maza ta zana su da ɗan tsini, mata da ɗan da'ira, ta ja layi ta haɗa su. Mutane kuwa suka ƙi ta. A Lahodu wani dattijo ya ce 'ya'yansa biyu, alhali bakwai na tsaye a bayansa suna leƙen littafin. A rugar da muka je wajen Rabah, duk tambayar da ta yi game da mata sai Arɗo ya ba ta labarin ruwan da aka yi bara. A Kagara wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"Kai ɗan wa na? Ba ka jin kunya, kana biye da Nasara tana ƙirga ɗiyan mutane awa awaki?"

Wata guda muna wannan yawo littafin bai cika ba, Baturiya ta fara ramewa don damuwa. Nan ne na yi wautar farko. Don in nuna ni wayayye ne, na ce mata ta zo gidanmu. Na ce a can za ta sami duk abin da take nema a tsakar gida ɗaya: kakata Bahausa, uwata Bafulatana, ga kuma matata. Ta yi murna har ta kama hannuna a gaban direban motarta.

Zuwanta na farko lafiya aka rabu. Tsohuwa ta kusa cika littafin ita kaɗai, tana ba da labari tana zagin matattu da sunayensu. Ige ta amsa nata kai a sunkuye. Da aka zo kan Inna, ta zauna nesa, ta ba ni gefen fuska, tana amsa wa Ige ko da yake ni ke tambaya. Baturiya ta ce ta lissafa 'ya'yanta.

"Ukku na. Bello, da Hadiza, da Modi."

Na juya da Turanci kamar yadda aka faɗa. Baturiya ta dube ni ta ce, kai fa? Na yi dariya na bayyana mata al'adar, har da alfahari. Ta yi rubutu mai tsawo, ba ta yi dariya ba.

Washegari muna cikin mota za mu Goronyo, muna bin gefen fadama, albasa ta yi kore shar, sai ta juyo ta tambaye ni a hankali, da muryar tausayi:

"Malam Haliru, abin ba ya yi maka ciwo?"

Na ce wane abu? Ta ce uwarka ta haife ka, shekara talatin ba ta kira ka ba. Ta ce su a wurinsu ɗan fari shi ake rungumewa a gaban kowa. Ta ce wanta ne na fari a ɗakinsu, ya mutu a yaƙin nan, har yau uwarsu kullum sai ta ambaci sunansa, ko ba dalili. Sa'an nan ta buɗe littafin ta nuna mini wani layi inda take auna kusancin uwa da 'ya'yanta. Ta ce bisa abin da ta gani, a ƙasarmu ɗan fari ne ya fi kowa nisa da uwarsa, kuma a nan ta sa ni.

Har gobe in na tuna wannan tausayin sai in ji jinina ya tafasa. Wa ya roƙe ta? Wa ya kai mata kuka? Ta zo daga wata uwa duniya da ma'aunin gidansu, ta ɗora uwata a kai, ta ce ba ta cika ba. Ba ta ga ƙwaryar zaure ba, ba ta ji maganar malfa ba, ko da ta ji ma babu layin da za ta sa su a littafinta. Amma haushin da nake ji nata bai kai rabin wanda nake ji na kaina ba. Ni da na sha furar, ni da na san komai, maimakon in ce mata ke ce ba ki gane ba, sai na kau da kai ina kallon albasa. Na ji kunya. Na ji kamar an kama gidanmu da wani abin ƙauyanci.

Daga ranar kunnena ya lalace. Abin da shekara talatin bai dame ni ba ya zama shi nake saurare. In ji Inna ta ɗaga murya, Bello, Bello, zo ka ɗauke wannan. Modi, ka ci abinci? Har akuyarta tana da suna. Sai in zauna a zaure da ƙwaryata a gaba, furar ta ƙi wucewa. Na riƙa ce wa kaina sau ɗaya kawai nake so in ji, in san yadda sunana yake a bakinta. Ban gaya wa kowa ba, don na san duk wanda na gaya wa zai ce in nemi magani.

Bayan kamar mako biyu Baturiya ta ce akwai sauran tambayoyi da ba ta yi wa Inna ba. Muka koma da hantsi. Aka yi rashin sa'a, ko in ce Allah ya so ya tona ni, ranar Goggo Hajo ta zo daga ruga da nono. Yayar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai tsare gida wadda ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Tana zaune kusa da Inna, Tsohuwa na jingine da rumbu, Ige na bakin murhu, matan maƙwabta uku sun shigo kallon Nasara. Baturiya ta buɗe littafi ta yi tambayarta, gajeriya: in tsufa ya zo, a cikin 'ya'yanta wa za ta zauna wurinsa?

Abin da ta tambaya ke nan. Allah shi ne shaida, ga kuma abin da ni na faɗa da Hausa:

"Ta ce wancan zuwan an yi kuskure, ba a hwaɗi ɗiya duka ba. Ta ce takardag ga ta gwamnati ta, Razdan na jiran ta. Dole a hwaɗi sunan ɗan hwari."

Tsohuwa ce ta fara magana:

"To mi a' abin wahala? Ni na rene shi, ni ka hwaɗi. Rubuta, Haliru."

Nan ne ya kamata in tsaya. An ba ni ƙofar fita a buɗe. Amma na riga na hau, sai na juya wajen Baturiya na yi mata wata maganar banza da Turanci, ta gyaɗa kai, na juyo na ce:

"Ta ce ba a karɓa sai daga bakin uwa. In ba haka ba, laihin tafinta na, za a kore shi ga aiki."

Kun ji abin da ubanku ya yi. Na san ba ta tsoron Razdan, ba ta tsoron Hakimi, abu ɗaya ne zai sa ta buɗe baki, shi ne a ce wani abu zai same ni. Wato na san sarai tana sona. Da wannan son na ɗaure ta, don in tabbatar da abin da na riga na sani. In akwai rashin kunyar da ta fi wannan, ni ban gan ta ba a tsawon raina.

Goggo Hajo ta yi mata magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa, da zafi. Inna ta gyara lulluɓinta. Ta dubi ƙasa, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Haliru."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗaya daga matan maƙwabta ta ce la'ilaha illallahu. Ni kuwa da na yi mako biyu ina mafarkin wannan lokaci, ban ji daɗin komai ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na tsira da ƙaryata. Amma Inna ba ta yi boko ba, ba ta kuma rasa ido ba. Zuwan farko ta lura duk sunan da aka faɗa sai alƙalamin Baturiya ya motsa. Yanzu ga sunan da aka ce Razdan na jira an faɗa, alƙalami na tsaye cak. Baturiya ta zuba mini ido tana jiran in juya mata amsa, ba ta ma san me ya faru ba. Inna ta dubi alƙalamin, ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta ɗago, karo na farko a rayuwata, ta dube ni tsakiyar ido.

"Wadda ka son sunan, ga shi ba ta rubuta ba."

Ta ci gaba:

"Ashe ba ita ka so ba. To ka ji. Haliru. In ƙara? Haliru."

Ta tashi ta shige ɗaki. Goggo Hajo ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ko sallama babu, ko kuɗin nonon ba ta tsaya karɓa ba. Baturiya ta taɓa hannuna ta ce me ta ce, wurin wa za ta zauna? Sai na ce ta ce wurin ɗanta na fari. Sai ta buɗe ido da mamaki, ta koma wancan layin nata ta soke wani abu, ta yi rubutu da sauri, tana cewa wannan abin sha'awa ne ƙwarai. Daga baya Ige ta gaya mini lalle Inna ta sha faɗa mata haka, cewa ita in ta tsufa a gidan ɗan Tsohuwa za ta ƙare. Wato gaskiya na ba Baturiya ta rubuta, amma a ranar da na kashe gaskiyar da hannuna.

Da muka raka baƙuwa na dawo, Tsohuwa ta kira ni sashenta. Ba ta ɗaga murya ba, ita da ta saba zagin gari guda.

"Nasara ta yi magana taƙi ɗaya, kai ka yi zira'i goma. Ka ɗauka tsuhwa ya toshe min kunne? Ni na rene ka, ban san ɓarawo ni ka reno ba. Ka shiga ɗakin uwarka da rana tsaka ka sace mata abu guda da ta mallaka."

Ta tofar da yawu gefe, ta ce in tashi mata daga gani. Amma ba ta tona ni ba, Inna ma ba ta tona ni ba. Matan maƙwabta suka fita da labarin cewa Nasara ta tilasta wa matar gidanmu, gari ya ɗauka, aka yi ta tsine wa Uwar Tambaya. Baba ya rasu yana tsine mata. Ni kuwa ina ji ina gyaɗa kai.

Washegari da hantsi na shiga zaure, babu ƙwarya. Ina tsaye sai na ji daga cikin gida, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji:

"Haliru! Zo ka ɗauki hurarka."

Na shiga. Ta miƙo mini a wani kwano irin na kowa, tana dubana, fuskarta ba fushi ba fara'a. Daga ranar ba ta sake ce mini ɗan Tsohuwa ba. Haliru kawo wancan, Haliru an gaishe ka, Haliru kauce in wuce. Yadda take kiran yaran maƙwabta da mai gishiri, haka take kirana. In zan yi tafiya in tsaya a tsakar gida ina jan ƙafa, ina gyara sirdin keke da ba abin da ya same shi, ko za ta gaya wa tukunya rana ta yi zafi. Sai dai ta ce, Haliru, sai ka dawo. Ƙwaryar nan mai ɗinki kuwa na gan ta daga baya a bayan ɗaki, an zuba wa kaji ruwa a ciki.

Ita ma ta biya, kuma ita ce ba ta ci bashin kowa ba. Labari ya riga Goggo isa ruga. A can ba a duba wai tilas ne ko ba tilas ba, an dai ce 'yarsu ta zauna cikin Haɓe, wato Hausawa, har ta kira ɗan fari a gaban Nasara. Shekara biyu Inna ba ta taka rugarsu ba, ko da aka yi sunan jikan Goggo ba ta je ba. Mace mai son 'yan'uwanta kamar me, ta zauna a Wurno tana jin labarinsu a bakin masu tallar nono.

Na nemi gafara, kada ku ce ban nema ba. Na aika Ige, aka ce mata ba komai. Na aika kawuna, aka ce masa ba komai. Da Baturiya ta gama raninta ta tafi da littafinta, ban kuma sake jin ɗuriyarta ba, sai na shiga da kaina na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na ce ta yafe mini, ta koma yadda take.

"Na yahe maka tun ranar, Haliru. Amma in koma ina? Abin da anka hwaɗi an hwaɗe shi. Kai ka biɗa, na ba ka."

Da Baba ya rasu ta gama takaba, na gyara mata ɗaki a sashena, na yi sabon daɓe, na sa sabuwar ƙofa. Ta leƙa ta ce ya yi kyau. Bayan kwana uku Bello ya zo da jakuna daga Achida, inda yake sana'a, ta bi shi. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta hana ni zuwa ba. Duk Juma'a ina hawa keke in je gaishe ta, ta karɓe ni da sunana, ta tambayi Ige da yara, ta sallame ni da sunana. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Ciwon ajalinta ina wurin. Da safe ne, Hadiza na riƙe da kanta, ni ina zaune wajen ƙafafunta. Ina ta roƙon Allah a zuci, ba wai ta tashi ba, don na ga alamar ba tashi, sai dai ta juya ga Hadiza ta ce a gaya wa ɗan Tsohuwa wani abu, ko mene ne, ko zagi ne. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce:

"Haliru, ba ni ruwa."

Na ba ta, ta sha kaɗan. Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

To kun ji. Ku daina zagin Baturiya, ta yi nata laifin amma ba ita ta buɗe bakin kakarku ba. Ke kuma Rabi, ki dawo da takardarki, na huce, zan amsa miki duk abin da kike so. Ki gwada mu da duk ƙabilar da kika ga dama. Abu ɗaya nake roƙo, kafin ki sa mutum a layi ki tambaye shi wace ƙwarya ake ajiye masa a zaure. Amma in kin ce in lissafa 'ya'yana, abin da za ki ji shi ne Sani, da Amina, da Kabiru, da Luba, ko sau nawa kika tambaya.

Wanda ya aiko ki da ƙorafi kuwa, ya iya karatu, ya karanta wannan babin da kansa. Abin da yake nema na taɓa nema, an ba ni, ban sake kwana da daɗin rai ba. Ba zan yi masa abin da na sa aka yi mini ba, ko zai yi fushi har in mutu. Na ji an ce ya zo gida, gobe zai kama hanya ya koma wurin aikinsa. Rabi, rana ta yi zafi kwanan nan. Masu tafiya su riƙe malfa.